Gwangwani na Goma Sha Biyu

A watan Agustan 2021 BBC ta fitar da faifan wani tsohon labari daga wasanta na Doctor Who. Sunan labarin The Web of Fear, kashi shida ne, kowanne kimanin minti 25, an nuna shi a Birtaniya daga 3 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris na 1968. Kashi na ɗaya da na biyu suna tafiya yadda aka san wasan wancan zamani: hoto baƙi da fari, sojoji na sanɗa a ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan, wasu dodanni masu gashi buzu-buzu da ake kira Yeti na farautarsu cikin duhu, wata irin yana mai kisa tana cinye tasha bayan tasha. Da an shiga kashi na uku sai mutane su ɓace. Zanen kwamfuta ne ya maye gurbinsu, amma muryoyin da ke fita daga bakin zanen na 'yan wasan 1968 ne, har da sautin takunsu. A kashi na huɗu mutanen sun dawo, haka har ƙarshe.

Masoya wasan ba su karɓi zanen nan da hannu biyu ba. Suka ce jikin mutanen ba ya tsayawa wuri guda, kullum rangaji da wurgi da hannuwa, fuskoki kuma a sandare. Wasu suka ce da tsohon wasan kwamfuta ya fi kama. An samu masu kare shi, amma mafi rinjayen hukunci shi ne zaren ba kalar yadin ba ne. Duk wanda ya kalli faifan bai san tarihinsa ba dole ya tsaya ya yi tambaya. Me zai sa BBC ta toshe tsakiyar wasanta da zane? Ina aka samo muryoyin, alhali babban ɗan wasan, Patrick Troughton, ya rasu tun 1987? Kuma me ya harzuƙa mutanen da dominsu aka yi aikin?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce tsofaffin masoya ba sa son sabon abu, komai aka taɓa musu sai sun yi ƙorafi. A nan wannan amsa ba ta da tushe. Doctor Who a kan sauyi aka gina shi. An fara shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, labarin wani baƙo daga wata duniya da ke yawo tsakanin zamunna a cikin shuɗin akwatin wayar 'yan sanda. A 1966 rashin lafiya ta hana William Hartnell ci gaba da fitowa a matsayin Doctor, sai masu shirin suka ƙirƙiro dabara: Doctor yana sabunta jikinsa, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. Troughton ya karɓa, tun daga nan kuma an sauya fuskar fiye da sau goma. An dakatar da wasan a 1989, Russell T Davies ya farfaɗo da shi a 2005 da sabon salo, ya kuma karɓu. Ko zanen ma ba baƙo ba ne a wurinsu. A 2006 kamfanin Cosgrove Hall na Manchester ya zana kashi na ɗaya da na huɗu na wani labarin 1968 mai suna The Invasion, aka yi ta yabo. Daraktan labaran biyu ɗaya ne, Douglas Camfield, kuma Troughton ne Doctor a duka. Waɗanda suka yaba wancan su ne suka ƙi wannan. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Sai mu koma baya mu ga me ya kawo zane tun asali. A shekarun 1960 ana ɗaukar wasa a kan wani babban kaset mai faɗin inci biyu, mai tsada ƙwarai, wanda ake iya gogewa a ɗora wani shiri a kai. Yarjejeniyar BBC da ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ta taƙaita sau nawa za a maimaita shiri da kuma cikin wane lokaci, don kada maimaici ya hana 'yan wasa sabon aiki. Babu bidiyon gida, balle a yi tunanin sayar wa jama'a. Da talabijin mai launi ya kankama a ƙarshen shekarun, sai aka ɗauki duk wani baƙi da fari a matsayin kayan da kasuwarsu ta watse. Daga 1967 aka shiga gogewa. A cikin kashi 253 da aka yi a shekaru shida na farko, babu ko ɗaya da kaset ɗinsa na asali ya tsira. Ba ƙeta ba ce. Mutanen sun ɗauki talabijin abin da ake gani sau ɗaya a wuce, ba wanda ya zaci bayan shekara hamsin wani zai zo yana cigiya.

To in an goge, kashi biyar ɗin da ke kan faifan daga ina? Kafin a goge kaset, sashen kasuwanci na BBC yakan kwafe wasan a kan fim ɗin majigi mai faɗin milimita 16, don sayar wa gidajen talabijin na ƙetare: Ostareliya, Niyu Zilan, Singafo, Hong Kong, Zambiya, Saliyo, Najeriya da sauransu. Don rage kashe kuɗi ba a yi wa kowace ƙasa nata kwafin. Wannan tasha ta nuna ta aika wa waccan, waccan ta aika wa ta gaba. Tashar da fim ya ƙare a hannunta, ƙa'ida ita ce ta mayar da shi Landan, ko ta lalata shi ta aika da takardar shaida. Daga 1972 sashen kasuwancin shi ma ya shiga zubar da kwafin da ke rumbunsa, yana zaton ɗakin ajiyar fina-finai na BBC na riƙe da nasa, alhali ɗakin ajiyar bai ɗauki adana wasan kaset a matsayin aikinsa ba. Sai a 1978 aka tsayar da ɓarnar, lokacin da BBC ta ɗora wa Sue Malden alhakin zaɓen abin da za a adana, wani masoyin wasan kuma mai suna Ian Levine ya tarar da labarin farko na mugayen halittun nan Daleks ana dab da hallaka shi, ya tayar da jijiyar wuya har aka fasa.

Daga nan farauta ta fara. A 1983 aka tsinci kashi biyu a ɗakin ƙasa na wani coci a Landan. A tsakiyar shekarun 1980 fina-finan The Time Meddler da The War Machines suka koma gida daga Najeriya. A 1991 aka gano The Tomb of the Cybermen cikakke a Hong Kong. Zuwa ƙarshen 2011 saura kashi 106 ba a gani ba, da yawa kuma sun fara fid da rai.

Philip Morris bai fid da rai ba. Ɗan Birtaniya ne, tsohon ma'aikacin haƙar mai a teku, wanda ya kafa kamfanin taimaka wa gidajen talabijin adana tsofaffin shirye-shirye. Shi bai tsaya ga aika wasiƙa ba, domin wasiƙa amsarta ɗaya ce: mun duba, babu. Ya bi takardun jigilar fina-finan BBC, ya ga inda kowanne ya nufa, ya riƙa zuwa da ƙafarsa yana shiga ɗakunan ajiya. Sawun ya kawo shi Jos ɗin nan tamu, inda gidan talabijin na tsohuwar jihar Binuwai-Filato ya fara aiki a 1974. Kamar yadda ya ba da labari, a wani ɗakin ajiya na wata tashar talabijin ya hango gwangwanayen fim jere a kan kanta, da 'yar takarda manne an rubuta Doctor Who. Fina-finan sun ratso ta Hong Kong, suka ƙare a nan. Ba a mayar ba, ba a ƙona ba, suka zauna kusan shekara arba'in. Jos tana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, sanyinta sananne ne, zafi da laima kuwa su ne manyan maƙiyan fim. A ganina garin da kansa yana da kaso a wannan lada.

Jita-jita ta riga sanarwa fita da watanni, har wata jaridar Birtaniya ta buga cewa an gano duka 106 a Habasha. A watan Oktoban 2013, ana saura 'yan makonni wasan ya cika shekara hamsin, BBC ta faɗi gaskiyar magana: fim goma sha ɗaya ne suka dawo daga Najeriya, tara daga ciki ba wanda ke da su. The Enemy of the World ya cika, kashi shida cif. The Web of Fear ya samu na biyu, na huɗu, na biyar da na shida, ga na ɗaya da dama yana hannu. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Frazer Hines da Deborah Watling, waɗanda suka fito a matsayin abokan tafiyar Doctor a labaran biyu, suna zaune a ɗakin da aka haska wa 'yan jarida, suna kallon ƙuruciyarsu. Kashi na uku na The Web of Fear kaɗai aka ce babu.

Saura muryoyin. A nan labarin ya fita daga hannun BBC gaba ɗaya. A shekarun 1960 akwai yara da matasa a gidajen Birtaniya da suke son wasan har ba sa iya haƙurin ya wuce. Ranar Asabar da yamma sai su jawo rikodar gida mai zare, su kafa makirfon a bakin lasifikar talabijin, su roƙi mutanen gida a yi shiru. Ɗaya daga cikinsu, Graham Strong, ya wuce nan: ya buɗe bayan akwatin ya haɗa waya kai tsaye, sautinsa ya fito tas, har a wasu wurare ya fi wanda ke kan fina-finan da suka tsira kyau. Albarkacin irin waɗannan yara, babu kashi ɗaya na Doctor Who da sautinsa ya ɓace. Sannan akwai wani mai hoto, John Cura, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar hotunan allon talabijin yayin da ake nuna shiri, ya sayar wa 'yan wasa da daraktoci don tunawa. Ya ɗauki da yawa daga kashe-kashen zamanin Troughton, har da na ukun nan. Tun kafin BBC ta waiwayi lamarin, masoya suna haɗa sautin da hotunan Cura, su ƙara rubutun da ke bayyana abin da ke faruwa, su kwafa wa juna a kaset kyauta.

Wannan ya sauya fuskar tambayar. Mutanen da suka yi ƙorafi a 2021 ba masu saye ba ne kawai da aka kawo wa haja ba ta yi musu ba. Su ne suka adana abin da mai shi ya zubar. Sautin da aka ɗora zanen a kai daga hannun irinsu ya fito. Sun saurare shi har sun haddace, sun san inda Troughton ke jan numfashi da inda yake yin shiru. Idan sun ce zane bai dace da murya ba, magana ce ta wanda ya san muryar fiye da mai zanen.

Amma sanin murya bai isa ya bayyana zafin ba, sai an haɗa da abin da The Enemy of the World ya koya musu. Shekara da shekaru ana ɗaukar wannan labari a matsayin mai rauni. Sautinsa yana hannu, kashi ɗaya kuma ya tsira, wanda galibinsa zance ne a wani lungu da ɗakin girki. Da fim ɗin Jos ya iso sai hukunci ya juye. A labarin Troughton ya fito mutum biyu, Doctor da wani mugun ɗan siyasa mai suna Salamander da ke neman mallake duniya a shekarar 2018, har da wuraren da Doctor ke kwaikwayon Salamander. Kunne ba ya kama wannan gwaninta. Tana cikin ɗaga gira, da yadda kafaɗa ke miƙewa in ya koma mugu, da murmushin da ke tsayawa a leɓe bai kai ido ba. Ga shi a farkon labarin ya tuɓe ya ruga cikin teku da murna irin ta yaro, abin da mai sauraro bai taɓa jin komai daga gare shi ba sai ƙarar ruwa. Darajar labarin ta yi sama nan take a wurin masoya. Kalma ko ɗaya ba ta ƙaru ba, fuska ce ta dawo. A nan suka tabbatar cewa abin da ya ɓace daga waɗannan wasanni shi ne daidai abin da ba wanda zai iya ƙirƙirowa daga sauti.

Wanda ya tashi da kallon Samanja Mazan Fama zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. A ɗauki muryar marigayi Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki da tsawarsa, a ɗora a kan wani zane da ke lanƙwasa yana kaɗa hannu. Muryar tasa ce, amma Samanja yana cikin ƙamewar nan da zare ido da yadda yake juyowa ya dubi ƙaramin soja. In jikin bai yi haka ba, muryar ma sai ta zama baƙuwa.

Masu zanen The Invasion sun yi aiki da wannan sani. Sun tsaya a baƙi da fari, sun kwaikwayi fuskoki daga kashe-kashen da suka tsira, sun rage motsi, sun bar inuwa da kusancin kyamara su yi aiki, wanda kuma shi ne salon Camfield. Inda ba su sani ba suka yi kaɗan. Zanen 2021, wanda kamfanin Shapeshifter na Ostareliya ya yi, ya bi wata hanya: aka ɗauki motsin jikin mutum na yau da na'ura, aka ɗora a kan surar 'yan wasan da. Niyyar ba ta da laifi, neman motsi mai rai ne a kan kuɗi kaɗan. Sai dai sakamakon shi ne muryar Troughton a jikin wani. Kuma ga kashi biyar na gaske a gefe da gefe, inda Camfield ke tsayar da kyamara a kan fuskar sojan da tsoro ya cika, ya bar shiru ya yi tsawo. Ido ba ya buƙatar masani kafin ya ga bambanci. Irin wannan saɓani ya ɗan taso tun 2019 a kan zanen The Macra Terror, inda aka ƙara wa dodannin girma aka kuma cire wata fitowa, amma can duk labarin zane ne daga farko har ƙarshe, babu na gaske a kusa da za a auna.

Akwai gwajin da ke tabbatar da haka. A 2019 ɗaliban jami'ar Central Lancashire, ƙarƙashin jagorancin Andrew Ireland, suka sake yin wani ɓataccen kashi na 1965, Mission to the Unknown, da sababbin 'yan wasa ɗungum. Ba muryar asali, ba fuskar asali. Suka bi rubutun yadda yake, suka ɗauka da kyamarori da yawa lokaci guda kamar yadda ake yi a da, baƙi da fari, da irin haske da kayan ado na zamanin. BBC ta saka shi a YouTube ranar 9 ga Oktoba 2019, shekara 54 cif da nuna na asalin. Masoya suka rungume shi. Aikin ɗalibai ya samu abin da aikin kamfani bai samu ba, dalili kuwa biyu ne. Yaran sun sa kansu a ƙarƙashin tsohon aikin, ba su nemi gyara shi ba. Sannan wannan kashi shi ne wanda Doctor da abokan tafiyarsa ba su fito a ciki ba ko kaɗan, don haka babu wata ƙaunatacciyar fuska da aka ara wa wani.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi ciwo. Me ya sa a cikin shida, na ukun ne ya ɓata? Tashar da ta karɓi labari mai kashi shida ba za ta karɓe shi da giɓi a tsakiya ba. Kuma na ukun ba kamar sauran ba ne. A cikinsa aka fara ganin fuskar Kanar Lethbridge-Stewart, wanda Nicholas Courtney ya fito a matsayinsa ranar 17 ga Fabrairu 1968, ya bayyana daga duhun rami ba wanda ya san ko aboki ne ko maci amana. Wannan soja shi ne daga baya ya zama Birgediya, aminin Doctor mafi daɗewa. Courtney ya riƙa komawa ga rawar har 2008, ya rasu a 2011, 'yar Birgediyan kuma, Kate, ta gaji matsayinsa a sabon wasan tun 2012. In akwai gwangwani ɗaya a kan kantar Jos da mai tara tsofaffin fina-finai zai biya ko nawa ne a kansa, wannan ne.

A 2015 Morris ya buɗe baki a wani taron masoya a Bristol. Ya ce gwangwani goma sha biyu ya gani a Jos, ba goma sha ɗaya ba, kuma na ukun yana ciki. Tsakanin ranar da ya gan su da ranar da aka gama magana aka miƙa masa, ɗaya ya yi ɓatan dabo. Zatonsa shi ne labari ya fita, wani mai tara kayan tarihi ya riga shi. Daga baya hoton gwangwanayen goma sha biyu ya fito fili.

Nan ne bakin zaren. Kashi na ɗaya da na huɗu na The Invasion ba wanda ya taɓa nuna hoton gwangwaninsu, don haka zane a wurinsu kyauta ce, an ba mutane abin da suka riga suka haƙura da shi. Kashi na uku na The Web of Fear kuwa ya tsallake gogewar Landan, ya tsallake umarnin lalatawa, ya zauna lafiya a Jos kusan shekara arba'in, sannan ya suɓuce ana dab da kai shi gida. Mai kallon zanen 2021 yana kallo ne da sanin cewa fuskar Courtney ta gaskiya, bisa ga shaidar wanda ya gani da idonsa, tana naɗe a wani wuri. Ko da zanen ya fi haka kyau, da wuya ya gamsar. Rabin fushin ba na masu zanen ba ne, su ne dai suke kusa.

Ina tare da masu wannan fushi, musamman saboda lokaci ba ya jira. Irin wannan fim in ya sha zafi da laima yakan fara fitar da wani wari mai tsami, ya motse, ya kanannaɗe, har ya kai inda na'ura ba za ta iya karanta shi ba, kuma in ya fara ba ya komawa baya. Abin da ake nema a wurin duk wanda ke riƙe da shi bai wuce aro ba. A 1999 an gano wani ɓataccen kashi mai suna The Lion a hannun wani mai tara fina-finai a Niyu Zilan. BBC ta karɓa, ta kwafa, ta mayar masa da kayansa.